Batir a Hammata

Ƙarfe takwas, Vardø ba ta gama mitsike ido ba.
Na kankare gilashin mota da murfin gwangwani,
na ƙirga kawuna: shida.
Na bakwai yana can yana cigiyar safar hannunsa ta hagu.

Shekara talatin da ɗaya ina jan koma a wannan ruwa.
A wurina tsuntsu ɓarawo ne,
mai bin jirgi da ihu,
mai fizge hanjin kifi tun ban sake shi ba.
Babu zagin da ban yi musu ba.
Yau gwiwa ta ƙi teku,
ga ni ana biyana in nuna wa baƙi ɓarayina.

Sindre ya kafa wa kyamararsa ƙafa uku a bakin kwata,
bakinta ya kai tsawon damtsena.
Lambobi yake magana da su, ba kalmomi ba.
Ingebjørg kuwa, tsohuwar ungozoma daga Kirkenes,
'yar ƙarama ce rataye a wuyanta,
igiyar ta sha ɗinki da zaren fatsa.
"Ta Torvald ce," in ji ta.
"Hunturu tara yana bin agwagwar nan
mai kai kamar an tsoma a baba, goshi ruwan goro.
Gani kam ya gan ta. Hoton ne ya ƙi."
Ban tambayi inda Torvald yake ba.
Hannun rigar da ke jikinta ya fi nata tsawo.

Na ce musu, sanyin nan yana shan batir kamar romo,
kowa ya cusa nasa a hammata,
ya kwanta masa irin na kaza da ƙwai.
Sindre ya yi dariya.
Tsohuwa ta ɗaga riga uku, ta cusa.

Sai jira.
Teku yana hayaƙi ba wuta.
Gashin hanci ya zama allura.
Kofi ya huce tsakanin kofin da leɓe.
Rana ta leƙo ta bayan tsibiri
kamar maƙwabciya mai aron gishiri,
ba ta da niyyar zama.

Mikiyar teku ta gifta can sama,
ruwa ya tarwatse da fukafukai,
ɗari biyu, ɗari uku, wa ya ƙirga?
Da ƙura ta lafa, idan ruwa yana da ƙura,
sai ga shi, namijin,
taku goma daga takalmina,
ƙaguwa a baki, ruwa na gangara a wuyansa.

Sindre ya danna. Shiru.
Ya sāke dannawa. Jar fitila ta ƙifta masa ido, ta mutu.

Ingebjørg ta zaro batir da ɗuminsa,
amma yatsun da suka karɓi rabin jariran garinsu
sun kasa buɗe ɗan murfi.
Na tuɓe safa da haƙori.
Yatsuna sun saba kwance ƙulli a duhu.
Na buɗe, na zura, na miƙa.
Ƙyas!
Sau ɗaya tak.

Muka haɗa kai bakwai a kan allo kamar ashana:
wutsiya baƙa, ƙafa guda,
da zoben ruwa inda sarki ya nitse.

Ta daɗe tana kallo.
Sai kafaɗunta suka fara rawa,
na ɗauka kuka ne.
"Irin wannan," ta ce, tana share dariya da hannun rigarsa,
"akwati guda ya bar mini."

A hanyar komawa duhu ya riga mu gida.
Sindre ya yi barci, hannu a hammata.
Ta taɓa kafaɗata daga baya:
"Eilert, rubuta ni a Fabrairu mai zuwa."

Da dare na fita da bokitin hanjin kifi.
Suka taso mini da ihun nan nasu.
Na buɗe baki don zagi,
sai na ji ina ƙirga su.