Gidan Inna Tsahara, Tawa

Da fari ɗaki guda ne da randa.
Shekarar da hatsi ya ƙi,
Nomau ya dawo daga Abijan
da akwatin ƙarfe, ba kowa a tasha.
Inna Tsahara ta ce: shigo, rana ta yi.

Daga shi sai Agali direba, ido ya tafi,
sai malamar lakwal da ƴaƴanta ke aiko kuɗi,
ba sa aiko kansu.
Ɗaki sha ɗaya yanzu.

Gari ya ce abin kunya ne.
Da dare kuma gari ke kawo fura.

Bedin da Nomau ya dasa ya zarce katanga.
Jiya jikar Inna ta shimfiɗa mata tabarma
a ɗakin farko,
kusa da randar.