Hannun da Ya Tsaya a Iska

Ƙarfe biyun dare a Iloilo.
Hawa na huɗu, ɗaki mai sanyin firij,
ni da injina muna gadin kogin da ba ya jiƙa kowa.
A allona garin nan zare-zare ne masu launi:
kore na waɗanda suka biya,
ruwan toka na sauran bayin Allah.
Aikina ba wuya. In hanya ta cika, in matse famfo,
in ce wa wannan wuce, in ce wa wancan dakata.

Manaja Villaruel ba mugu ba ne.
Yakan ajiye kofinsa ya ce, "Dioscoro,
wa ya shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku?
Wa ya sake kafa turaku bayan guguwa?
Masu ihun a bar intanet sake,
ko ƙusa ɗaya sun taɓa saya mana?
Babbar mota ita ke cin kwalta. In ta biya, ta wuce gaba."
Nakan gyaɗa kai. Lissafinsa bai karkace ba,
albashina ma daga cikinsa yake fitowa.

Amma ina da yaya, Luzviminda,
can tsallaken ruwa, a Guimaras,
tana koya wa yara kurame maganar hannu
ta wani ɗan shafi da ta gina da kuɗin mangwaro.
Ɗalibai goma sha bakwai, warwatse a tsibirai.
Shafinta ruwan toka ne.

Ran Lahadi na gani da idona.
Nonoy, ɗan shekara bakwai, waya a tafinsa,
malama ta ɗaga hannu za ta ce masa "gobe",
sai hoton ya daskare.
Hannun ya tsaya a iska, bai kai inda za shi ba,
ɗan zobe yana ta juyi a kan fuskarta.
Yaron ya ɗaga nasa, ya tsayar daidai nan,
ya ɗauka kalmar ke nan.
Da ya gaji ya latsa gefe,
rawa da talla suka kwararo kamar an fasa tulu,
ko tuntuɓe babu.

Mahaifinmu ɗan fito ne, shekara talatin a mashigin nan.
Bai taɓa ɗaga murfin kwandon kowa ba.
Mai kaji, ɗan sanda, masu rakiyar gawa,
kuɗi ɗaya, igiyar ruwa ɗaya.
Wata rana wani mai hali ya ninka kuɗin sau biyar
a bar sauran a gaɓa, a kai shi shi kaɗai.
Baba ya ce, "Jirgin nawa ne, tekun ba nawa ba."
Inna ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba,
don a makon nan shinkafarmu ta ƙare.
Wannan ma ban manta ba.

A Manila masu kwat suna ta kai-kawo da takardu,
wani ya ce kasuwa ta raba gardama, wani ya ce doka.
Ni dai na san girman maɓallin:
bai kai farcen ɗan yatsana ba.

Daren jiya na rubuta sunan shafinta a jerin kore.
Ba wanda zai sani.
Yatsana yana kai, sai na tuna
akwai wani Nonoy a wani tsibiri
wanda malamarsa ba ta da ƙane a hawa na huɗu.
Na goge.
Ban sani ba ko adalci na yi, ko tsoro.

Ƙarfe huɗu. Zaren toka yana ta jan ciki.
Na juya wa allon baya,
na ɗaga hannu a gaban gilashin taga,
na kai shi har inda Luzviminda ta yi nufi.
Ba wanda ya gani sai injina.
Can ƙasa jirgin farko ya yi ƙaho,
mutane suna shiga da kwandunansu a rufe.