Fom ɗin Ƙarshen Shekara

Daga ofishin ilimi aka aiko shi,
shafi uku, a cike da baƙin biro,
a mayar kafin Alhamis.
Na gyara bulon da ke tallafe da ƙafar teburina,
na yi bisimilla.

Yawan ɗalibai: arba'in da bakwai.
Da da takwas ne.
Hurera ta daina zuwa daga Dakace
tun da kuɗin mota ya ninka.
Sunanta na nan a rajista,
hannuna ya ƙi jan layi a kansa.

Maza ashirin da tara, mata sha takwas.
Kurame ashirin da biyu, makafi tara.
Masu hawa keke shida, kekunan huɗu,
karɓa-karɓa ake yi kamar ludayin koko.
Ragowar goman fom ya ce a sa su a "da sauransu".
Cikin "da sauransu" akwai Nafi'u,
wanda bai taɓa kallon ƙwayar idona ba,
amma faɗa masa ranar haihuwarka,
ya gaya maka ko Talata ce ko Lahadi
kafin ka rufe baki.

Daga ina suke zuwa?
Gyallesu, Tukur-Tukur, Kwarbai, bayan Ƙofar Gayan.
Kyauta daga Wusasa, a bayan babur ɗin yayanta.
Chidera daga Sabon Gari,
uwarta na tsayawa bakin ƙofa sai ta ga ta shige aji.
An tambayi harshen gida, na jera:
Hausa, Fulatanci, Ibo, Yarabanci.
Ba a bar gurbi ba ga harshen da ya fi yawa a harabar nan,
wanda ake gulma da shi daga wannan taga zuwa waccan,
ana dariya har da riƙe ciki,
ba a ta da ko tsuntsun kan dalbejiya ba.

Sai shafin sakamako.
Bakwai suka zauna jarrabawar fita, uku suka haye.
Kashi arba'in da uku cikin ɗari.
Wanda zai karanta a Kaduna zai taɓe baki,
na san irin taɓewar.
Ba zai ga Iliya ba ranar lissafi,
takardar makafi ba ta iso ba,
mai sa ido ya karanta masa tambaya ta tara:
"Dubi hoton da ke ƙasa."
Iliya ya shafa teburin da tafinsa, ya ce,
"Malam, na duba."
Sifili aka ba shi a nan.

Zulai kuwa zango biyar ta yi
tana kokawa da harafin farko na sunanta.
Ran da ya tsaya da ƙafarsa a kan allo
Malama Lantana ta fita bayan aji
wai ƙura ce ta shiga idonta.
An ce sannu ba ta hana zuwa.
Fom ba ya auna sannu,
waɗanda suka iso kaɗai yake ƙirgawa.

Malamai: biyar.
Mai karanta rubutun makafi: ɗaya,
shi ma Disamba zai ajiye aiki,
ya koma gonarsa ta hanyar Kufena.

A ƙasa an rubuta "Ƙarin bayani",
layi biyu, ko na zane bai fi su faɗi ba.
Na daɗe ina juya biro.
A waje Barira ta ɗaga koren ƙyalle,
ƙararrawarmu ke nan ta tara,
tsakar gida ta cika da ƙafafu da tayoyi da sanduna.

Na rubuta: Muna buƙatar takardar makafi
da tayar keke biyu.
Na sa hannu, na tsaya neman kwanan wata.
Ta taga, ba tare da ya dube ni ba,
Nafi'u ya ce, "Laraba. Sha bakwai."