Besfar Malam Tsalha

Shekara goma sha ɗaya tana jingine a zaure,
shuɗiya a da, yanzu ta bi launin bango.
Kaza ta taɓa ƙyanƙyasa a wurin ɗora ƙafa.
Ran da Baba ya rasu makullin na aljihunsa,
aka wanke rigar da shi a ciki.

Na tura ta har Ƙofar Marusa,
taya ɗaya na kuka, ɗaya ya haƙura.
Ilu makaniki ya zagaya ta sau biyu,
ya sa yatsa a salansa, ya sunsuna.
Ya ce, "Ta Malam Tsalha ce, duba-gari.
Ni na sake mata filogi shekarar da na yi aure.
Fistin ya kama. Ko Kano ba ka samun irinsa.
In ma ka samu, da mi za ka shayar da ita?
Lita nawa ne albashinka?"

Barira ce ta ɗago kai daga cikin wayoyi,
'yarsa, mai haɗa wa mutane sola,
ta ce, "A ba ni ita sati uku."

Muka kwantar da ita a kan kwali
kamar ragon layya.
Ilu ya yi fiɗar da kansa, bai yarda da hannun kowa ba.
Kafireto ya shiga gwangwanin madara,
tanki ya fito da warin da na sani tun ina goye,
fetur da baƙin mai, warin gaisuwar Baba.
A akwatin gefe muka tarar da goro ya zama dutse,
da ɗan littafi: rijiyoyin Rafindaɗi,
wadda ya rufe, wadda ya yafe.

Inda tanki ya kwana shekara arba'in
Barira ta shimfiɗa batir, ta ɗaure shi tamau,
ta cusa sabon inji a cibiyar tayar baya,
ƙarami, bai kai faifai ba.
Ja da ja, baƙa da baƙa, tana ƙirga da leɓe.
Gwajin farko tayar ta juya baya.
Ilu ya yi dariya har hularsa ta faɗi,
ya ce, "Tana neman mai ita."
Ba wanda ya ƙara magana.
Barira ta sauya waya biyu.

Ɗan gwangwan ya taya tsohon injin da kilo.
Na ce ya bari.
Yana ƙarƙashin gadona, naɗe da buhu.

Na hau ran Laraba bayan la'asar.
Ba kika, ba tari, ba hayaƙi.
Na murɗa hannu, ƙasa ta fara tafiya.
Na ji keken tela a Saulawa,
na ji mai fura tana ba da canji,
na ji sallamar wani tsoho, na amsa masa.
Akuya a tsakiyar titi ba ta ko tashi ba,
ni na kauce.
Gobarau ta wuce ta hagu, shiru da shiru.

Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa.
Sai da inuwata ta faɗa cikin tire ta ɗago.
Ta ce, "Da can tun yana kwanar masallaci
nake jin ta, in sauke tukunya.
Ban taɓa duba agogo ba."
Ta fito, ta shafa kujerar, ta daɗe.
"Yanzu ta koyi zuwa irin nasa,
sai dai ka gan shi tsaye."

Hon ɗin kaɗai muka bari na asali,
muryar agwagwa mai mura.
Rana na cika batir a kan rufin kicin,
ni kuma kullum, in na kai kwanar masallaci,
ina danna shi sau biyu.