Neman Hannu a Puebla

Hannun Don Eleuterio ya fara rawa.
Shekara arba'in da ɗaya yana zana shuɗin fure
a kan farantan da nake gasawa,
yau ganyen da ya ja ya fito kamar an firgita shi.
Ya ajiye buroshi a bakin tebur,
ya ce, Amparo, nemo wani.

Na rubuta talla, sau huɗu ina yagawa.
"Ana neman ƙwararre."
To wa ya taɓa zuwa ya ce shi ba ƙwararre ba ne?
Na sa a jarida, na sa a waya,
na manna a ƙofar cocin unguwa.
Kafin Lahadi takarda ɗari da tara ta taru a gabana,
kowa haziƙi, kowa mai haƙuri, kowa mai son aiki,
kamar malami ɗaya ya yi musu shifta.

Na kira goma sha biyu.
Ban tambayi kowa burinsa na shekara biyar ba.
Faranti ɗanye na miƙa, da buroshi,
na ce ja mini layi ɗaya,
ya zagaya baki, ya dawo ya gamu da kansa.
Mai digiri biyu, layinsa ya tafi bai dawo ba.
Wani ya iya, amma rabin idonsa na kan agogo.
Wata ta fashe da kuka,
na ba ta kofi, ban ba ta aiki ba.

Ran Talata a hanyar Cholula
bas ta tsaya da mu gaban shagon masu faci.
A bango an rubuta farashin taya
da haruffa masu wutsiya,
ko ɗigon fenti ɗaya bai zubo ba.
Ba nan zan sauka ba, na sauka.
Suka nuna mini mace a kan tsani,
shuɗi har gwiwar hannu.
Citlali Cuautle.

Na ce ina da aiki.
Ta ce ita ma tana da shi.
Ko saukowa ba ta yi ba.

Nawa kike biya, kuma ran nawa ga wata?
Tagar ɗakin gabas take kallo, ko katangar maƙwabci?
Wanda ya riga ni kujerar, me ya tashe shi?
Ƙarfe biyu nake ɗauko ɗana a makaranta,
wannan ba ya cikin ciniki.
Kuma bayan faranti,
sunana zai hau, ko naki kaɗai?

Na tsaya cikin rana ina amsawa kamar ɗaliba.
Ni da na fito saye,
sai ga shi haƙorana ake dubawa.
An ce mai nema yana tare da samu,
ba a gaya mini samun ma yana da sharaɗi ba.

Na koma na zauna da littafin lissafi har dare ya raba.
Na fasa sayen mota, na ƙara albashi.
Na kira magini ya huda bangon gabas.
Na aika mata hoton tagar, ban rubuta komai ba.

Mako uku shiru.

Wata Litinin ta shigo,
buroshinta uku a naɗe cikin tsohuwar safa.
Eleuterio ya tura mata faranti da bayan hannu.
Ta ɗauke numfashi, ta ja.
Layin ya zagaya, ya dawo, ya gamu,
na duba na rasa inda ya faro.
Tsohon bai ce uffan ba.
Ya tashi, ya share kujerar da hularsa.

Sauran takardun suna nan cikin kwali.
Kullum da dare ina amsa biyar,
kowa da sunansa,
don wanda ya yi sallama a ƙofarka
ko ba za ka shigar da shi ba, ka amsa masa.
Saura ashirin da huɗu.