Riɗi Ba Ya Rufa Asiri

Likita a Aydin ta ce wa Baba Ekrem:
kitse ya yi yawa a jini,
shi da baklawa sai dai kallo.
Ya dawo ya zauna gindin zaitun,
bai ce uffan ba har la'asar.

Na hau rufin ɗaki
inda ɓauren bana ke shan rana,
na zaɓo sha biyu masu taushin kunne.
Na cire hancinsu, na jiƙa a ruwan ɗumi,
na kirɓa da dabino biyar,
cokali biyu na niƙaƙƙen riɗi,
kirfa ɗan abin da yatsa ya ɗauka.

Ban kunna murhu ba.
Tafin hannu ya isa wuta.
Curi na farko ya fito da ƙusumbi,
na biyu ya manne a yatsuna
sai da Anti Nermin ta leƙo ta katanga:
"Jiƙa hannunki, yarinya!"

Na mirgina su cikin farantin riɗi,
kowanne ya fito da farar riga.
Ashirin cif. Na jera a firij.

"Biyu a rana, Baba, da shayi."
Ya taɓe baki: abincin tsuntsu.

Da asuba na ƙirga, sha huɗu.
Yana salla, na jira ya sallame.
Ya ce shi bai san zancen ba,
wataƙila kyanwar Nermin ce.
Ƙwayar riɗi uku
na lilo a gashin bakinsa.