Daren Laraba a Tartu

Da kuɗin abincin makaranta muka yanki tikiti,
ni da yayata Marit.
Layin ƙarshe muka zauna,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗunmu.

A allon sinima yarinyar ta fara rikiɗa:
farce ya tsaga yatsa,
gashi ya tsiro a gadon baya,
wata ya leƙo ta taga kamar mai bin bashi.
'Yan kallo suka kwarma ihu.
Marit kuwa dariya ta yi,
irin wadda ban san ta da ita ba.

Tun kaka take kulle banɗaki.
Na tsinci rezar Baba a jakarta,
na ga zanin gadon da ta wanke da asuba
ta shanya a bayan ƙofa.
Gadonmu ɗaya, amma yanzu bango take fuskanta.

A kan gadar Emajõgi na ce,
"In kin zama kyarkeci, ni za ki fara ci?"
Ta ja hulata ta rufe mini kunne.
"Ke dai jira, Piret.
Cizon ba daga waje yake zuwa ba."

A gida na bi haƙorana da harshe.
Na gefen hagu ya fi jiya tsini.